Hantar Layyar da Na Hana Shi

Nama ne ya kashe shi, ko rashin nama? Na fita takaba, an raba abin da ya bari, damina ta zo ta wuce, har yau ban sami wanda ya ba ni amsar da zuciyata za ta zauna a kanta ba. Na san kwana ne ya ƙare, ba na ja da hukuncin Allah. Amma ni ce mai tukunya, ludayin a hannuna yake, shi ya sa tambayar ta ƙi sakina.

Ni ban yi karatu ba. 'Yata Dije ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, har inda na ambace ta da abin da ba za ta so ji ba. So nake matan da ke da maras lafiya a ɗaka su ji, ko wata za ta farga da wuri fiye da yadda muka farga.

Sunana Talatu. Maigidana mahauci ne, ɗan mahauci. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ba kuma yau zan fara ba. A kasuwar Wunti Baba Mai Tozo ake ce masa, don in kana neman tozo mai kyau teburinsa za a nuna maka. Tun da aka kawo ni gidansa ban san ranar da na ɗora tukunya babu nama ba. Da safe romo, da rana balangu a kasuwa, da yamma ya shigo da ƙunshi a hannu. In na yi kwaɗon zogale sai ya leƙa kwanon ya ce, "Talatu, ni ba akuya ba ne." Yana da hannu, kowa ya shaida. Ba ya tambayar nauyin dabba. Zai ɗora tafinsa a gadon bayan rago, ya bi ƙashin da yatsu har zuwa gindin jela, ya ɗan matsa, sai ya gaya maka ko an ciyar da shi ko kumbura shi aka yi da ruwa.

Abin ya fara da takalmi. Kafin azumi ya ce takalminsa ya matse, ya sayi wani. Shi ma ya matse. Wata rana ina zuba masa ruwan alwala na ga ƙafar ta yi sumul kamar an hura ta. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Ya ce tsayuwa ce. Da ma shekara da shekaru yana shan ƙwayoyin ciwon jiki daga kemis, saboda saran ƙashi da tsayuwa tun safe, yana watsa su a baki kamar gyaɗa. An taɓa auna shi a can aka ce jininsa ya hau. Ya sha maganin har ya ƙare, ya ji ƙeyarsa ta daina sara, bai koma ba. Ni ma ban ce ya koma ba, don na ɗauka hawan jini kamar zazzaɓi ne, in ya tafi ya tafi.

Sai fitsarinsa ya fara kumfa kamar an zuba sabulu. Wannan ni na gani, shi bai faɗa ba. 'Yan uwa suka fara kawo shawara. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce wani abu ya tsallaka a kwata, masu baƙin cikin kasuwa ba su ƙarewa. Yayarsa da ke aure a Zungur ta aiko da jiƙo a galan, baƙi wuluk, ta ce ya sha safe da yamma zai fitsarar da ruwan. Ya sha. Allah ya sani don ƙauna ta aiko.

Ya ɗauki azumi a haka. Bai kai tsakiya ba ya fara amai, jikinsa yana ƙaiƙayi har yana yin jini wajen susa, bakinsa yana wani irin wari da ban san shi da shi ba. Duk da haka ya ƙi asibiti sai da aka yi ƙaramar Sallah. Ranar da ya yarda ma ba yarda ya yi ba, faɗuwa ya yi a bakin teburinsa, ƙaninsa Ɗanjuma, wanda shi ma mahauci ne, ya sako shi a keke napep ya biyo ta gida ya ɗauke ni.

Wanda bai yi jinya a babban asibiti ba bai san layi ba. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin ɗibar jini daban, na karɓar sakamako kuma sai an ce ka dawo. Mutumin da bai iya zama ba, a kan benci ya wuni, kansa a kafaɗata. Wata mai share wurin ta ga halin da muke ciki ta nemo mana kwali muka shimfiɗa masa. Ban san sunanta ba, Allah ya biya ta. Wani kuma a tagar kati ya daka min tsawa a gaban mutane don ban san wace takarda ce wacce ba. Shi ma na bar shi da Allah.

Likitan da ya gan mu yaro ne a kanmu, amma yana da natsuwa. Ya duba takardun ya daɗe, sannan ya ce, "Mama, ƙodar Baba ta gaji. Duka biyun." Wannan kalmar ta gaji ita ce ta zauna min a kai.

Maigida ya yi dariya da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Ƙoda? Wadda nake ba mutane gyara?"

"Ita fa, Baba."

Ya rubuta magunguna, sannan ya juyo gare ni, don ya gane ni ce mai girki. Ya ce a janye gishiri, a janye kanwa da dunƙulen miya, a zubar da jiƙon nan. Jan nama a daina. Kayan ciki kuwa, hanta da ƙoda da tumbi, ko kusa kada ya je. In ya so a ɗan ba shi kifi ko farin ƙwai, kaɗan. Maigida bai taɓa cin kifi ba a rayuwarsa, ƙarninsa yake ji. Ya dubi likita ya ce, "Ɗana, da me zan rayu?" Likita ya ce, "Da abin da Mama za ta ba ka."

Daga ranar na zama mai tsaron ƙofa. Kuma daga ranar ni ma na daina kai nama bakina. Ban gaya wa kowa ba. Na ga ba zan iya tauna tsoka a gidan da mai kawo ta yake shan fate ba gishiri ba.

Ga inda wahalar take. Mahauta suna da wata al'ada mai kyau. In ɗayansu ya kwanta, kullum za a ɗan yanko daga kowane tebur a haɗa a aika gidansa, har ya tashi ko ya tafi. Shi kansa ya yi wa mutane da yawa. Ba a mayar da wannan ƙunshin, mayar da shi kamar ka ce ka fita daga cikinsu ne. To kullum da hantsi sai ga Ɗanjuma da leda, tsoka da tozo da hanta mai ɗumi. Gidan da aka hana nama ya fi kowane gida a layinmu nama. In na dafa wa jikoki, ƙamshi ya cika tsakar gida, ina jin shi a ɗaki yana juyi. Na koma aika wa maƙwabta ɗanye. Maganar ta koma kasuwa, wai matar Baba Mai Tozo tana rabar da kason mijinta tana ba shi ganye.

Ni da Ɗanjuma da wasa muka saba, irin na mace da ƙanin miji. Matarmu yake ce min, ni kuma in ce masa ƙaramin miji mai rowa. Wasan ya fara tsami.

Wata la'asar an fito da maigida ya sha iska a gindin dalbejiya. Ɗanjuma yana nan, Dije ma ta zo daga makarantar da take koyarwa. Na kawo faten acca da alayyafo. Ɗanjuma ya leƙa ya ce, "Matarmu, wannan ko tunkiya sai ta yi tunani. Mutum jininsa ya ƙone, ba romo ba farfesu, da me jinin zai dawo?"

Dije ta ce, "Baffa, ai na gani a waya, wai asali ma ɗan Adam ba a yi shi don cin nama ba. Wai haƙoranmu na masu cin ganye ne, hanjinmu ma dogo ne irin nasu. Wai rabin cututtukanmu daga nan suke."

"A'uzubillahi! Allah ya halalta, waya ta haramta? To layya fa, da kabewa za a yi ta? Wannan karatun naki da naman wa aka biya shi?"

Maigida ya ɗaga hannu suka yi shiru. Muryarsa ta dushe a lokacin, sai an matso. Ya ce, "Dije, saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai. Cikinta ɗaki ɗaki ne, ta haɗiye ciyawa ta dawo da ita ta sake taunawa. Kin taɓa ganina na kwanta ina tuƙa?"

Ɗanjuma ya tafa. "Gaya mata, Yaya!"

"Tsaya, ban gama ba. Karnukan kwata kuma na san su. Ba sa tauna, yaga suke su haɗiye, ɗanye, wani ma ya kwana a rana, kuma ba abin da yake samunsu. Kai in ka ci haka sai an ɗauke ka. Mu sai mun dafa, sai mun gasa." Ya numfasa. "Ba saniya ba ne mu, ba kuma kare ba. Na feɗe abin da ba zan iya ƙirgawa ba, amma ban taɓa ganin cikin mutum ba. Ban sani ba." Sai ya dubi kwanon ya ce, "Abin da na sani, wannan faten ba shi da daɗi."

Duk muka yi dariya. Ita ce dariya ta ƙarshe da muka yi mu huɗu.

Da muka koma asibiti na tattara ƙarfin hali na tambayi likita da bakina. Na ce 'yata ta ce kaza, ƙanin mijina ya ce kaza. Ya ce, "Mama, mutum yana cin wannan yana cin wancan, haka jikinsa yake. Nama abinci ne. Amma in ya shiga jiki yana barin datti, ƙoda ce ke tace shi. Ta Baba ta kasa tacewa." Na ce to naman ne ya lalata ta? Ya ce hawan jinin da aka bari da ƙwayoyin kemis su ya fi zargi. Ko naman safe da rana da yamma da gishirinsa ya taimaka, ko bai taimaka ba, ba zai rantse ba. Na fito da tambayata kamar yadda na shiga da ita.

Makonni suka yi ta tafiya, yana zubewa. Mutumin da yake ɗaga cinyar sa shi kaɗai, wuyansa ya koma kamar na kaza, ƙafafun kuma suna nan a kumbure. Duk wanda ya zo dubiya sai ya dube shi ya dube ni. Na san abin da idanunsu suke faɗa.

Wata rana na je karɓo magani, layi ya riƙe ni har azahar. Da na dawo na same shi zaune, ba a kwance ba, rediyo a kunne, yana bin kiɗan da kai. Ya ce, "Talatu, sannu da rana." Ban ga fuskarsa haka ba tun kafin azumi. Na matso zan gyara masa matashi sai na ji ƙamshi. Yaji da man farfesu a gemunsa. Ɗanjuma ne ya zo da kula cike da farfesun kayan ciki, ya zauna ya ba shi har ya ƙoshi. Me zan ce wa mutumin da ya samu yini guda na jin daɗi?

Ba a yi kwanaki da yawa ba shaƙuwa ta kama shi, ta ƙi tsayawa. Numfashi ya yi sama. Ya fara kirana da sunan mahaifiyarsa. Muka kwashe shi zuwa asibiti, aka ce sai wankin ƙoda, yanzu yanzu.

A barandar asibitin nan ni da Ɗanjuma muka yi abin da ban taɓa zaton za mu yi ba. Na ce masa, "Ka ga abin da kularka ta jawo." Ya ce, "Ke kika kashe shi da yunwa, ni na ba shi abin da ya san shi tun yana goye." Mutane suka taru. Na tsufa ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba sai ranar. Da aka tambayi likita, ya ce farfesun bai kyautu ba, amma da shi da babu shi ranar nan tana tafe. Kowa a cikinmu ya ɗauki rabin maganar da ya yi masa daɗi.

Kuma dole in faɗi wannan. Da aka ce ana son jini, Ɗanjuma ne ya fara naɗe hannun riga. Babur ɗinsa da yake ɗauko nama daga kwata, shi aka fara sayarwa saboda wankin nan, ban roƙe shi ba. Bayan shi firjin maigida ya bi, sai gonar da ya gada a Zungur, sai 'yan kwanukan da nake ajiye da su tun aurena.

Wankin ƙoda, ga wadda ba ta gani ba, inji ne. Ana sa wa mutum roba, jininsa ya fita ya shiga injin ya dawo. Ka ga jinin mijinka yana yawo a waje. In an gama sai ya ji sauƙi, idonsa ya washe, ya gane kowa. Amma ba a warkewa. An ce a riƙa yi sau da yawa a mako, har abada. Mu da ƙyar muke haɗa na sau ɗaya. Wata rana kun haɗa kuɗin a ce inji ya lalace. Wata rana inji lafiya lau, masu jira sun fi gadaje yawa, a ce ku dawo. A layin nan na san mutane, na kuma ga yadda ake daina ganinsu ɗaya bayan ɗaya, ba mai tambaya.

Akwai wata nas a ɗakin, Sista Rahila, Kirista ce daga kudancin jiharmu. Ita ce take riƙe masa hannu in za a sa robar, tana ce masa, "Baba, in ka warke zan zo ka ba ni tozo kyauta." Ita ce ta ja ni gefe ta ce, "Mama, yanzu da ake wanki ki ɗan riƙa ba shi nama kaɗan. Injin nan yana cin ƙarfin jiki." Kaina ya ɗaure. Watanni ina faɗa da dangi a kan hana shi, yau kuma asibitin da ya ce a hana ya ce a ba shi. Na koma wurin likita. Ya ce gaskiya ta faɗa, amma da sharaɗi. In ana wankin a kan kari, a ba shi tsoka kaɗan. In muna tsallakewa, kada a ba shi, don dattin taruwa zai yi. Hanta da sauran kayan ciki kuwa, ko ana wanki ko ba a yi, babu.

Sai na gane cewa naman maigida ba a hannun likita yake ba, ba a hannuna ba. Makon da muka samu wanki, in yanka masa 'yar tsoka kamar kan yatsa, ya daɗe yana juya ta a baki. Makon da ba mu samu ba, fate. Kuma makonnin da ba mu samu ba suka fara fin yawa.

A haka babbar Sallah ta same mu, mun tsallake wanki, babu abin da ya rage na sayarwa sai gidan. Ban sa ran layya ba. Ana gobe Sallah sai ga mahauta da rago, sun haɗa sun saya masa. Aka fito da shi a kujera. Ya ce a matso da ragon. Ya ɗora hannun nan da ya koma ƙashi a gadon bayansa, ya bi a hankali har gindin jela, ya matsa. Ya ce, "Ba laifi. Amma an cuce ku a cinya." Suka yi dariya, wasu suna share ido.

A gidanmu, kamar gidaje da yawa, ranar layya maigida ba ya sa komai a bakinsa sai an sauko daga idi an yanka, an gasa hanta, da ita yake buɗe baki. Shi yake yanka ta da wuƙarsa. Yankan farko nasa, na biyu ya sa min a tafin hannu, sannan yara. Tun zuwana gidan ba a taɓa tsallake wannan ba, har shekarar da rago ya gagara aka yi da ɗan akuya.

Da safe na kai masa kunu, ya kawar da kai. Na gane. Ɗanjuma ya dawo daga idi ya yanka, ya feɗe, ya ciro hantar ya gasa a tsakar gida. Ya zuba a faranti ya miƙo min, don ni ce zan kai. Na tsaya da farantin a gaban kujerarsa. Ya miƙo hannu.

"Talatu, yanka ɗaya."

"Likita ya ce ban da hanta. Kuma ba a yi wanki ba."

"Likita ba ya nan."

"Ni ina nan."

Ɗanjuma ya ce, "Yaya Talatu, ki ji tsoron Allah. Yau Sallah. Yanka ɗaya me zai yi?" Ranar bai ce matarmu ba. Dije tana bakin madafi tana kuka, ba ta goyi bayan kowa ba.

Ni kuwa shaƙuwar nan nake gani, da ranar da ya kira ni da sunan mahaifiyarsa. In ta dawo yau, da me za a kai shi? Na durƙusa na ce, "Ka yi haƙuri. Bari a samu wanki a jere. Ga jelar ragon nan zan gyara in rataye, ranar cika-ciki da kai za a ci, in Allah ya yarda."

Ya daɗe yana kallona, hannun a miƙe. Sannan ya janye shi a hankali ya ɗora a cinya. Ya ce, "To. Kawo kunun." Ya sha bai bar komai ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Hantar jikoki suka cinye.

Bayan Sallah aka samu wanki sau ɗaya da kuɗin fatar ragon da abin da surukinmu ya kawo. Da aka fara maganar sa gidan a kasuwa maigida ya tara mu ya ce wanda ya sayar da gidan nan a kansa bai yafe ba. Ya ce ya gaji da ganin jininsa a waje. Muka koma wurin likita ni da Dije, ba tare da shi ba. Likitan ya saurare mu, ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Mama, ku ba shi duk abin da yake so." Ban yi karatu ba, amma na gane wannan.

Kafin in faɗi ƙarshen, ga abin da ya sa na zaunar da Dije. In ƙafar mijinki ta kumbura kika danna ta lotsa, in fitsari yana kumfa, kada ki jira Sallah ta wuce. In an ce jininsa ya hau, maganin ba a gama shi. Ƙwayoyin ciwon jiki ba gyaɗa ba ne. Masu zuwa dubiya da kula, ku tambayi mai jinya kafin ku buɗe. Ke kuma mai jinya, ki tambayi likita tun da wuri, ƙiri ƙiri, ko hanin nan zai tashe shi ne ko kwana kawai zai ƙara masa, don ki san abin da kike saya da abin da kike hana shi. Ni ban san ana yin wannan tambayar ba.

Daga asibiti ban biya gida ba, kasuwa na wuce, ni da ban taɓa sayen nama ba a rayuwata. Na tsaya a gaban teburin Ɗanjuma. Bai tambaye ni komai ba, ya dubi fuskata ya ɗauki wuƙa. Ya yanko tozo da hanta da ƙashi mai ɓargo. Na dawo na yi romo irin wanda yake so, da gishirinsa da yajinsa da citta, ban rage komai ba. Watan cika-ciki ya kama, jelar tana rataye a madafi, saura kaɗan ranar ta zo.

Na shiga da kwanon da la'asar, na tashe shi zaune na jingina shi da bango. Na ce, "Ga shi. Har da hanta." Na ɗebo a cokali na kai bakinsa. Ƙamshin yana isa hancinsa sai ya yunƙura kamar zai yi amai, ya kawar da kai. Ya ce, "Ɗauke, ƙarni yake min." Na sake gwadawa da romon kawai. Ya rufe baki. Daga baya Sista Rahila ta gaya min haka ciwon yake, in dattin ya yi yawa nama ne farkon abin da rai yake ƙi. Na ajiye kwanon a ƙasa na zauna a bakin gado, kukan da na yi watanni ina haɗiyewa ya ƙwace min.

Washegari da hantsi ya cika. Ɗanjuma ne yake laƙƙana masa kalmar shahada, leɓɓansa suna motsi. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara. Jelar na bayar sadaka. Mahauta har yau sukan aiko da ƙunshi ranar Juma'a, ina karɓa in yi godiya, in dafa wa jikoki. Na sha ɗaukar tsoka in kai ta har bakina, sai in ga hannun nan a miƙe, in mayar. Dije tana faɗa, Ɗanjuma yana faɗa, ya ma koma ce min matarmu don in yi dariya in ci. Ban iya ba tukuna, kuma wannan yana damuna, don umarni aka ba ni.

A waccan la'asar da ya ƙi romon, ina kuka a bakin gado, sai na ji hannunsa a damtsena. Na ɗauka lallashina zai yi. Sai na ji yatsun suna bin ƙashin a hankali, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ya ɗan matsa, yadda yake yi wa rago. Ashe duk watannin nan yana lura da kwanona. Ya buɗe ido ya dube ni sosai, ya gane ni sarai.

"Kin zube, Talatu. Ni aka hana, ba ke ba. Ɗauki kwanon nan ki ci."